Ɗan Boko da Allura



Da muka ce za mu yi magana a kan ɗinki, wasu abokanmu sun yi mana dariya, wai ga manyan matsaloli jibge a ƙasa, mu kuwa mun tsaya kan allura da zare. To, ba mu ji haushi ba, domin Bahaushe ya ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce. Abin da muke roƙo kawai shi ne kowa ya dubi rigar da ke jikinsa, ya tambayi kansa: in maɓalli ya cire yanzu, ko aljihu ya yage, zai iya gyarawa? Yawancinmu sai mu cusa rigar a ƙasan akwati, mu jira hutu mu kai wa iyayenmu mata, alhali muna taƙama da cewa mu ne masu ilimi.

Wannan raini sabon abu ne, boko ya kawo mana shi. A birnin Zariya da Kano, ɗinkin hannu ya daɗe yana tafiya tare da karatu. Almajiri kan ajiye allo ya ɗauki hula, malami kan zauna a zaure yana ba da karatu yana surfani, babu mai cewa darajarsa ta ragu. Hannun irin waɗannan mutane ne ya fitar da aska biyu da aska takwas da ke ƙirjin manyan riguna, aikin da kan ci watanni kafin a gama riga guda. Daga baya matan aure a Zariya suka shiga sana'ar daga cikin gidajensu, har ta zama abin rufin asirin iyalai da yawa. Mu ne dai, da muka riƙe biro, muka ɗauka hannunmu ya fi ƙarfin allura.

Mu tuna kuma da abin da ya sami tufafi a ƙasar nan. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu suka biyo baya, har Kaduna ta yi suna da saƙa. Wannan masaƙa ta rufe a 2002, kuma ba ita kaɗai ba ce. Wanda ya shiga Kantin Kwari ya san yadi nawa ne ke zuwa daga ƙetare, balle a yi maganar gwanjo. Saƙa ta kusa kuɓuce mana. Ɗinki ne ya rage a hannunmu, shi ma muna yi masa riƙon sakainar kashi.

Ba muna cewa kowa ya bar lacca ya buɗe shagon tela ba ne. Abin sha'awa muke nufi, na cike lokacin da muke ɓatawa a hira da latsa waya. Jarinsa bai taka kara ya karya ba: allura biyu ko uku, zare fari da baƙi, almakashi mai kaifi, alli, da ƙyallayen da tela ke zubarwa, waɗanda in ka roƙa da ladabi zai ba ka. A fara da kalmasa, wato a naɗe bakin ƙyalle sau biyu a bi shi da ƙananan ɗinki a jere. Wanda ya iya wannan ya iya adiko da ɗankwali da rigar matashin kai. Sai sa maɓalli, sai maho a gwiwar wando, sai ƙubaka da zura zariya. Daga nan jakar littattafai ba ta da wuya, ƙyalle biyu ne da maratayi. Shawara guda: kada zaren ya wuce tsawon kamu ɗaya, in ba haka ba ya dinga sarƙewa ke nan. Kuma a wanke sabon yadin auduga kafin a yanka, don yana tsukewa. Mu da ba mu ji wannan gargaɗi ba, taguwarmu ta farko ƙaninmu ne ya gaje ta bayan wanki ɗaya.

Amma babbar ribar da muka samu ba ta kuɗi ba ce. Ranar da muka shafe mako biyu a kan gefen hula ɗaya, yatsu duk huda, ido na ruwa, ranar muka ji kunyar yadda muke taya hular hannu a kasuwa kamar muna sayen gyaɗa. Haka nan muka rage zagin tela a jajiberin Salla, tunda mun gane mu ma da laifinmu, da muke kai masa yadi saura kwana uku. Da yawa daga cikinmu gobe za su zauna a ofisoshin da ake tsara wa masu sana'a haraji da rance da rumfunan kasuwa. Gara wanda zai sa hannu a irin waɗannan takardu ya zama ya taɓa sanin zafin allura.

Ga 'yan'uwanmu maza da ke cewa wannan aikin mata ne, muna roƙonsu su leƙa kasuwa su ƙirga masu taka keke. Ga 'yan'uwanmu mata kuma, waɗanda da yawansu sun riga mu iyawa, muna neman alfarmar su koya mana ba tare da yawan dariya ba.

Ranar Asabar bayan La'asar za mu zauna a ƙarƙashin bishiyar da ke bayan ɗakin taron nan. Kowa ya zo da riga ɗaya da ta yage. Allura da zare mun ɗauki nauyinsu, almakashi dai guda biyu gare mu, sai a yi haƙuri da juna.