Uba da Magana Jari Ce, Ɗa da Littafin Taurari



Akwai ƙorafin da muke yawan ji a bakin ƙofar aji. Uba zai sayo wa ɗansa Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja, yana ɗokin ya ga yaron ya yi dariya a wurin da shi ma ya yi dariya yana ƙarami. Sai yaron ya buɗe shafi biyu ya ajiye, ya koma kan wani yagaggen littafi mai hotunan taurari da jiragen sama, ko labarin jarumai da aljanu. Uban ya zo mana da mamaki, har da ɗan ɓacin rai, yana tambaya ko ɗansa ba ya son karatu ne.

Yana so mana. Mu da muke koyar da 'yan aji huɗu mun san yaran da har yanzu ba sa iya haɗa baƙi da wasali. Wanda ya ɗauki littafi da kansa, ba bulala, ba jarrabawa, ya riga ya haye kogin da muke fama da shi kullum.

Kuma mu tuna, littattafan da muke kira na gado su ma sababbi ne a zamaninsu. Ruwan Bagaja daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ya fito, tare da Ganɗoki da Shaihu Umar. Alhaji Abubakar Imam kuwa ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa, ya sa musu rigar Hausa. Mu kanmu, 'yan shekara arba'in da ɗoriya, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino muka riƙa karɓa hannu da hannu, iyayenmu suna ta girgiza kai.

Ba mu ce a sakar wa yaro komai ba, musamman abin da ke yawo a WhatsApp. A duba. Amma dubawa daban, ƙwacewa daban. Sau da yawa yaron da aka ƙwace wa nasa ba ya komawa kan na uban. Waya yake komawa.

Roƙonmu ga iyaye shi ne, ku sa ya karanta muku shafi ɗaya daga nasa bayan sallar isha'i, ku kuma ku karanta masa labarin aku da Waziri da bakinku. Ranar Alhamis kowane ɗalibi ya zo aji da littafin da ya fi so, ko da bangonsa ya cire.