Jawabin Buɗe Ɗakin Koyon Turancin Asibiti da Na'ura

Mai girma Kwamishinan Lafiya, wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamanin Sarki, shugaban hukumar gudanarwar wannan kwaleji da mambobinta, shugabannin asibitocin da ɗalibai ke zuwa sanin makamar aiki, malamai, iyaye, ɗalibai, 'yan jarida da sauran manyan baƙi, kowa da girman matsayinsa.

Turancin asibiti fanni ne mai zaman kansa. Ɗalibin jinya ko na likitanci a Nijeriya da Turanci yake karatu, da shi yake rubuta jarrabawar samun lasisi, da shi kuma ake cika fayil ɗin majinyaci. Amma rubutu daban, magana daban. Akwai ɗalibar da za ta cinye takarda sarai, amma idan babban likita ya tsayar da ita lokacin zagayen duba majinyata, ya ce ta faɗi yadda mai gadon nan ya kwana, sai bakinta ya mutu. Majinyaci a nan da Hausa ko Fulatanci yake faɗin ciwonsa. Ma'aikaci ne zai juya bayanin cikin 'yan daƙiƙu ga abokin aikin da wataƙila daga Ibadan ko Inugu ya zo. A irin wannan gaɓa, da lokacin miƙa aiki tsakanin masu dare da masu safe, tuntuɓen harshe kan zama kuskuren magani. A Turanci lafazin 15 da na 50 sun yi kusa ainun, kuma miligiram ake magana. Hydralazine na hawan jini ne, hydroxyzine na ƙaiƙayi, kunne kuwa yana iya haɗa su a ɗaki mai hayaniya.

Tsohuwar hanyar gyara wannan ita ce majinyacin kwaikwayo, wato a horar da mutum mai lafiya ya yi kamar maras lafiya, ɗalibi ya yi masa tambayoyi. Wani likita Ba'amurke, Howard Barrows, ya fara ta a 1963, kuma har yau babu abin da ya fi ta. Matsalarta tsada da lokaci. Malami ɗaya, aji cike, kowane ɗalibi sai ya yi sa'a zai sami 'yan mintuna a zango guda.

Fasaha biyu aka haɗa a wannan ɗaki domin cike giɓin. Ta farko manhajar gane magana, wadda ke sauraren murya ta mayar da ita rubutu. Irin waɗannan manhajoji da sauraro mai yawa suke koyo. Whisper da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022 an horar da ita da sauti na awa 680,000. Ta biyu manhajar hira. Tun 1966 Joseph Weizenbaum ya ƙirƙiri ELIZA, wadda ke kwaikwayon likitan ƙwaƙwalwa ta hanyar juya wa mutum maganarsa, amma sai bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 aka sami mai iya riƙe zance ya yi tsawo da ma'ana. Idan aka haɗa su, ɗalibi zai sa abin sauraro a kunne, manhaja ta zama dattijo mai ciwon ƙirji ko mai juna biyu da ke fama da ciwon kai da kumburin ƙafa. Ɗalibi ya yi tambaya da baki, ta amsa da baki. A ƙarshe ta nuna masa duk abin da ya faɗa a rubuce, da tambayar da ya tsallake, kamar ko akwai maganin da jikin majinyaci ba ya karɓa, da inda ya jefa wa majinyaci kalmar littafi wadda ba zai gane ba. Babban amfaninta shi ne kunya ba ta shiga tsakani. Ɗalibar da ba za ta ɗaga murya a gaban malami da tsararrakinta ba, za ta maimaita darasi ɗaya har sai bakinta ya faɗa.

Hukumar kwaleji ta gyara ɗakin, ta zuba kwamfutoci da abin sauraro, ta ja intanet, ta kafa sola, ta tura malaman Turanci da na jinya horo tare, ta kuma sa su rubuta labaran majinyata na cututtukan da aka saba gani a nan, zazzaɓin cizon sauro, sikila, jijjigar haihuwa, tamowa, ciwon suga. An sa darasin cikin jadawalin mako. Duk wanda ya sa hannu ya cancanci godiya.

Na'urar tana da rauni, kuma wajibi ne a faɗe shi a gaban kowa. Kunnenta ya fi sabawa da muryoyin Turawa. Binciken masana na Jami'ar Stanford a 2020 ya gwada manhajojin Amazon, Apple, Google, IBM da Microsoft, ya gano suna kuskuren kimanin kalma 35 cikin ɗari a maganar baƙaƙen Amurka, 19 kuma a ta farare. Waɗannan fa 'yan ƙasa ɗaya ne. Bahaushe da harshensa bai raba sautin p da f ba yana iya faɗin magana daidai, na'ura ta rubuta wani abu. Shi ya sa aka yi dokar cewa makin na'ura ba zai shiga sakamakon jarrabawar kowa ba. Malami ne zai saurara ya yanke hukunci, kuma abin da ake nema shi ne a fahimci ɗalibi sarai, ba a ce sai ya yi magana kamar ɗan Landan ba. Manhajar hira kuma takan ƙaga bayani ta faɗe shi da gadara, don haka ba a ɗaukar awon magani daga bakinta. Ɗaliban da ke can baya suna danna waya, su ɗago kai, wannan maganar tasu ce: duk wanda ya shigar da sunan majinyaci na gaske ko bayanin fayil ɗinsa cikin manhaja ya ci amana, ya kuma taka Dokar Kare Bayanai ta 2023, kwamitin ladabtarwa kuwa ba zai saurari roƙo ba.

Sai maganar kuɗi, ranka ya daɗe Kwamishina. Wanda ya sayi doki ya san harawa ta kullum ce. Abin da aka bayar na sayen kaya ne, an saya, ga su nan. Ba a ware ko kwabo na tafiyar da ɗakin ba. Intanet kowane wata ake biya. Manhajojin nan da dala ake sabunta rajistarsu, kowa kuma ya san inda dala ta kai tun 2023. Batiran sola suna da wa'adi. Ƙurar hunturu ba ta raga wa kwamfuta. Babu ma'aikacin fasaha ko ɗaya a cikin jerin masu albashin kwalejin nan, malamin Turanci ne ke kwance waya yana ɗaurawa bayan ya tashi daga aji. Jama'ar da ke zaune a nan sun sha ganin ɗakunan kwamfuta da aka buɗe da kiɗa da tafi, bayan shekara biyu aka tarar da kwaɗo a ƙofa da yanar gizo-gizo a taga. Abin da hukumar kwaleji ke roƙo shi ne layi guda tabbatacce a kasafin kuɗin ma'aikata na kowace shekara, da gurbin ɗaukar ma'aikacin fasaha, a rubuce, kafin a rufe kasafin bana. Akwai kuma aikin da ya fi waɗannan daɗewa. A 2023 kamfanin Intron Health da abokan aikinsa suka fitar da AfriSpeech-200, awa 200 na Turancin 'yan Afirka, karin harshe 120 daga ƙasashe 13, da yawa a cikinsa maganar asibiti ce. Irin wannan tarin ne ke gyara kunnen na'ura. Malamai da ɗaliban nan suna iya naɗar muryoyinsu, da yardarsu, a ƙara na arewa. Shi ma da kuɗi ake yinsa.

Wasu sun ce ɗakin zai zama ƙofar ficewa ƙasar waje, tunda jarrabawar OET da Ingila ke karɓa daga ma'aikatan jinya da irin wannan kwaikwayon take gwada magana. Mai niyyar tafiya yana samun masu koya masa a gari tun kafin yau. Wanda zai zauna shi ne mafi yawa, kuma majinyacin da ke kwance a asibitin ƙaramar hukuma shi zai ci moriyar miƙa aiki mai tsabta.

Bayan addu'a, ana gayyatar Mai girma Kwamishina da wakilin Mai Martaba su yanke ƙyalle, ɗalibai biyu kuma za su gwada darasin farko a gaban baƙi.