Jawabin Uban Ƙungiya a Wajen Ƙaddamar da Shirin Karatu na 'Yan Ƙwallo

 

Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, Dagaci da masu unguwanni, Allah gafarta malamai, limamanmu da na'ibansu, shugabannin makarantun boko da na Islamiyya, masu horarwa, iyaye maza da mata, da ku 'ya'yana 'yan wasa, assalamu alaikum.

Ba sai na tsawaita ba a kan abin da ƙungiyar nan ta cim ma, domin da idonku kuka ga kofunan da aka ɗauko, da filin da aka baje aka kafa masa raga, da samarin da aka raba da zaman banza, da wannan zaure da aka shimfiɗa wa tabarmi domin karatu.

Abin da ya tara mu, ba mu muka fara shi ba. A Ingila, wadda yaranmu suka haddace sunayen 'yan wasanta a gidajen kallo, a 2003 hukumar gasar Firimiya ta haɗa kai da cibiyar raya karatu ta ƙasar, kowace ƙungiya ta riƙa fid da ɗan wasa guda ya bayyana littafin da ya fi ƙauna, saboda an fahimci cewa yaron da ba ya jin nasihar malami, in ya ga littafi a hannun gwaninsa, sai ya nemi sanin abin da ke ciki. Marcus Rashford ma, ɗan ƙwallon Ingila wanda da bakinsa ya ce bai kama karatun littattafai ba sai yana ɗan shekara 17, a 2021 ya kafa shirin raba wa 'ya'yan talakawa littattafai kyauta.



To, ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ranka ya daɗe, a gabanka zan faɗa: in an ce rigunan wasa ko kofi, attajiranmu, Allah ya saka musu da alheri, har rige-rige suke yi, domin za a rubuta sunansu a gani, amma da zarar an ambaci littafi, sai hannu ya yi nauyi, a ce a dawo bayan Salla. Alhali kuwa rigar nan kafin shekara ta zagayo ta koɗe, shi kuwa Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, ko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kwafi guda yaro bayan yaro zai karanta shi, mai sayensa yana kwasar ladan sadakatul jariya. Ga kantocin ajiye littattafai nan fayau, ba kara ba kiyashi. Kafinta ya gama nasa, saura namu. Waɗanda suka ɗauki alkawari sun san kansu, alkawari kuwa kaya ne, ga ma'aji nan zaune da littafin rasit, kada a watse ba a gan shi ba.

Ku kuma masu horarwa, sharaɗi ɗaya ne: wanda bai halarci zauren karatu ba, kome gwanintarsa, ba zai taka leda ranar wasa ba.

Da sunan Allah na ƙaddamar da wannan shiri.