"Ai ta ci kuɗinsa": abin da shari'ar Ummita ta bar mana

Ƴan uwana samari da ƴan mata na Gesheme, da ku da kuka taso daga Tibiri da Dogondutsi, sannunku da zuwa.

Da yawanku kun ga hoton Ummita a waya. Sunanta Ummukulsum Sani Buhari, ƴar unguwar Janbulo a Kano. Daren 16 ga Satumba 2022 wani ɗan ƙasar Sin mai suna Geng Quangrong, tsohon saurayinta, ya shiga gidan iyayenta ya daɓa mata wuƙa, ta rasu. Ranar 26 ga Maris 2024 Mai Shari'a Sanusi Ado Ma'aji na Babbar Kotun Jihar Kano ya yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya.

A gaban kotu mutumin ya ce kare kansa ya yi, ya kuma ce ya kashe mata kuɗi kimanin naira miliyan 60. Kotu ba ta karɓi uzurinsa ba. Amma a Facebook fa? Can sai ga wata kotun daban, wadda marigayiyar ce ake tuhuma. "Ai ta ci kuɗinsa." Mutane masu hankali, har da mata, suka riƙa rubuta haka ƙarƙashin hoton yarinyar da aka riga aka binne.

To, wannan maganar ba baƙuwa ba ce a nan Arewa. Saurayi ya tafi cirani Legas ko Kwatano, yana aiko da kuɗi, ya dawo da waya da turmin atamfa, sai ya tarar yarinya ta canza ra'ayi. Da zafi, wallahi da zafi, ban raina wannan ba. Sai dai iyayenmu sun daɗe da sanin hanyarsa. Manya su zauna, in ta kama a je gaban mai gari, a lissafa kayan toshi, a mayar da abin da za a mayar. Duk abin da ka kashe yana da adadi, ana iya biyan ka. Shi ya sa mai cewa "ta ci kuɗinsa" bai ma fahimci al'adar da yake fakewa da ita ba.

Sai batun hukuncin. Ranar da aka yanke shi mutane sun yi murna, na kuma gane dalili. Amma a Najeriya ba a rataye mutum sai gwamna ya sa hannu, gwamnoni kuwa sun daɗe suna kauce wa biron nan. Kisan ƙarshe da aka sani an zartar shi ne na jihar Edo a Disamba 2016. Mu nan Nijar hukuncin kisa yana cikin doka, an ma nemi soke shi a Disamba 2010 majalisar tuntuɓa ta riƙon ƙwarya ta ƙi, amma rabon da a zartar da shi tun 1976, zamanin Seyni Kountché. A cikin zauren nan akwai masu cewa a kashe wanda ya kashe, akwai masu cewa a ɗaure shi har mutuwa. Ku ci gaba da muhawara. Ni abin da ya tsaya mini a rai, hukuncin ya zo shekara ɗaya da rabi bayan jana'iza.

Lokacin da ya fi haɗari ga mace shi ne ranar da ta ce "na fasa". Kuma mai niyyar ɓarna ba kasafai yake yin shiru ba. A fada, wajen shayi, yake fara faɗa: "In ban same ta ba, ba wanda zai same ta." Ku abokansa ku ne kuke fara ji, kafin uwarta, kafin jandarma. Kada ku yi dariya ku miƙa masa kofi. Ku nemi yayansa ko kawunsa a daren.

Ke kuma ƙanwata, saƙon muryar da ya aiko miki yana barazana, kar ki goge don kunya. Ki kunna wa babanki ko kawunki, ku tafi da wayar wurin jandarma tare, kuma kar ki fita zaure ke kaɗai in ya aiko a kira ki.