Tayar da Injin Ban Ruwa Bayan Damina: Jawabi ga Wakilan Ƙungiyoyin Noman Rani a Ƙofar Guga, Katsina



Sunan wannan ƙofa yana tuna mana da gugan da kakanninmu suka yi ban ruwa da shi. Yau masu lambu, daga Ajiwa har Jibiya, da inji suke aiki. Injinanmu sun kwanta wata huɗu ko biyar na damina, ga rani ya shigo. In inji ya ƙi tashi kwana uku bayan dashe, tumatir da albasa sun tafi, kuɗin iri da taki sun bi su. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kuma, ba mu da man da za mu yi wasa da shi.

Kada mu fara da jan igiya. Mu bi abubuwa biyar bi da bi.

Na farko, mai. Fetur yana iya fara lalacewa cikin wata ɗaya. In ya daɗe, sai ya bar danƙo ya toshe ƙananan ramukan kafireta, shi ya sa inji yake tashi da cok, da an buɗe cok ya mutu. A juye tsohon man tanki. A kwance notin da ke ƙarƙashin kofin kafireta, ragowar ya fita. A wanke kofin, sannan a zuba sabon mai. Kada a sa ƙusa a ramin, zai faɗaɗa, inji ya riƙa shan mai.

Na biyu, baƙin mai. A ajiye inji a wuri mai daidai kafin a duba. Injin Honda GX160, wanda yawancinmu muka sani, yana cin wajen lita 0.6. Wasu injinan suna da na'urar da ke hana su tashi in baƙin mai ya yi ƙasa. A canza shi yanzu, daga nan kuma duk bayan awa 100 na aiki.

Na uku, fulogi. A cire, a goge baƙin, a mayar masa da wayarsa, a jingina shi da ƙarfen inji, a ja igiya nesa da fetur. In babu tartsatsi, a sayi sabo. Tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce.

Na huɗu, iska. Ɓeraye suna cin soson iska, zanzaro yana gini a cikin salansa. A wanke soson da sabulu, ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai a matse. A fasa ginin zanzaro a kakkaɓe.

Na biyar, famfo. A cika cikinsa da ruwa kafin a tayar, domin in ya yi gudu a bushe, robar da ke tare ruwa za ta ƙone. In inji yana aiki amma ruwa ba ya zuwa, a duba mesar da ke zuƙo ruwa, galibi iska take sha.

In igiya ta ƙi jawuwa sam, kada a tilasta. A kai wa bakanike.

Gargaɗi ɗaya: kada a gwada inji ko janareta a cikin ɗaki ko shago. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari, tana kashe mutum yana barci.

In rani ya ƙare kuma, mu juye fetur da ruwan famfo, mu zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi, mu ja igiya a hankali, mu mayar da fulogi, mu rufe inji a kan katako. Kowace ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya mai riƙe littafin inji, yana rubuta ranar canjin mai da awannin aiki.

Yanzu kowace ƙungiya ta matso da injinta, mu fara da tanki.