Bangon da muka ɗora a Benin, aka rushe shi da safe

An ce in yi magana kan aikin sa kai. To, ni tafiya guda na taɓa yi, ita zan ba ku labari.

Cikin ranin 2019 ne, mu goma sha huɗu, matasan majami'armu ta nan Maradi. Kowa ya tara jika 60 na mota da abinci. Muka bi ta Dosso zuwa Gaya, muka haye gadar kogin Isa muka shiga Malanville, daga nan sai wani ƙauye kusa da Kandi, a arewacin Benin. Aikinmu gina aji biyu na lakwal cikin sati uku.

Gaskiya da girman kai muka isa, muna ganin mu ne masu kawo taimako. Sai muka tarar mutanen gari sun riga sun buga bulo, sun haƙa tushe, mata sun tara yashi. Ran farko muka karɓe aikin daga hannun maginin gari, muka ɗora layi biyar, muka ɗauki hoto. Da safe tsohon ya zo da igiyarsa ya auna, ya ce: "Ƴaƴana, wannan bangon yara za su zauna ƙarƙashinsa." Ya sa aka rushe. Buhu uku na siminti sun tafi a banza, kuma kuɗin baiko ne na tsofaffin majami'armu. Na ji kunya ƙwarai.

Daga ranar aikinmu ya koma ɗiban ruwa da kwaɓa siminti. Rijiyar na da nisa, kuma bulo in ba a shayar da shi safe da yamma ba, fashewa yake. Matan da muke kallo kamar masu jiran taimako su suka koya mana ɗaukar jarka a kai. Babu wanda ya ɗauki hoton wannan.

Na san tambayar da ke ran wasunku, don an sha yi mini ita: ba addini kuka je sauya wa yara ba? Limamin garin ma ya yi ta, gaban kowa, da Dendanci ana fassara mana. Fastonmu ya ce mu Kirista ne, bangaskiyarmu ce ta kawo mu, muna addu'armu kullum ba ɓoyo, amma lakwal ta gari ce, malami kuma gwamnati za a roƙa ta turo. Aka rubuta haka a takarda, maigari ya sa hannu. Ni da na ga yadda aka ƙona majami'u a Zinder da Yamai a Janairun 2015, wannan zaman ya fi kwanon rufin tsaya mini a rai.

Muka dawo muna murna. Ran 8 ga Nuwamba 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana nan Maradi, yara sama da 20 suka rasu, bayan irinta ta Yamai a Afrilun shekarar. Sai na tuna na ƙetare iyaka don in gina aji, alhali ajin zana na nan bayan gidanmu, kullum ina wuce shi a kan babur.

Ba na nadamar tafiyar. Amma jika 60 sau goma sha huɗu jika 840 ke nan, ku lissafa buhun siminti nawa ne.

A unguwarmu mun riga mun zauna da daraktan lakwal da iyayen yara, mun sami magini. Asabar mai zuwa, ƙarfe bakwai na safe, za mu fara buga bulo. Musulmi da Kirista, mai zuwa ya rubuta sunansa wurin sakatare kafin ya fita, kuma ya zo da jarka.