Kasala da Ƙin Cin Abinci a Hawainiyar da Ake Kiwo a Gida: Dalilai da Tsarin Jinya

Wannan takarda ta duba wata matsala da likitocin dabbobi kan ci karo da ita a ƙasashen da kiwon hawainiya ya zama abin sha'awa, musamman Turai da Amurka, inda akan kawo musu dabbar ta yi laushi, ta daina harbin ƙwari da harshenta, ƙafafunta kuma sun kasa riƙe reshe. Matsayin takardar shi ne kasala da ƙin ci ba cuta ba ce mai zaman kanta, alama ce da ke bayyana a makare bayan wani kuskure ya daɗe yana aiki a mazaunin dabbar, don haka duk jinyar da ta fara da ɗura abinci ta fara ne daga inda ya kamata ta ƙare.

Nau'o'in hawainiya sun haura 200, kusan rabinsu a tsibirin Madagaska, amma uku ne suka fi yawa a hannun masu kiwo: Chamaeleo calyptratus ta ƙasar Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya, wadda ke da tozo mai tsini a ka, Furcifer pardalis ta Madagaska, da Trioceros jacksonii ta tsaunukan Kenya da Tanzaniya, wadda namijinta ke da ƙaho uku. Afirka ta Yamma ma tana da hannu a wannan ciniki, domin an daɗe ana fitar da Chamaeleo senegalensis daga Togo da Benin da Ghana, kuma fataucinta yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ta tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. A ƙasar Hausa ba a saba ajiye hawainiya a gida ba, galibi ma gudunta ake yi bisa zaton tana da dafi, zaton da ba shi da tushe. To amma duk wanda ya kama ɗaya a gona ya sa a keji zai gamu da matsalolin da za a bayyana a nan.

Hawainiya dabba ce da tsuntsaye da macizai ke farauta, kuma irin wannan dabba takan ɓoye rauninta har sai ƙarfinta ya ƙare, saboda haka ranar da mai kiwo ya lura ba ta da lafiya, mai yiwuwa ciwon ya yi makonni. Ba kowane ƙin ci ne abin tsoro ba, domin babbar hawainiya takan ƙaurace wa abinci na 'yan kwanaki lokacin da take saɓa, wato sauya fata, ko idan ta gaji da nau'in ƙwaro ɗaya, ko kuma mace idan ta kusa yin ƙwai. Abin da ke raba wannan da ciwo shi ne alamomin da ke tafe da shi: rufe ido da rana, zurmawar idanu, zama a ƙasan keji, duhun launi da ba ya washewa, da raguwar nauyi, wanda ba a gane shi sai an riƙa ɗora ta a kan ƙaramin sikeli mai auna giram kowane mako. Rufe ido da rana shi ne mafi muni, domin lafiyayyiyar hawainiya ba ta barcin rana.

Abu na farko da za a bincika shi ne zafi. Jikin hawainiya ba ya samar da ɗuminsa kamar na akuya ko kaza, daga waje yake samu, kuma narkar da abinci da yaƙi da ƙwayoyin cuta duk sun dogara da wannan ɗumi. Nau'in Yaman yana buƙatar wurin shan ɗumi mai kimanin digiri 29 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, da wani sashe mai sanyi da za ta koma idan ta ƙoshi, da kuma saukar zafi da dare. Nau'in Kenya, da yake na tsauni ne, yana son ƙasa da haka, kuma zafin bazara irin na Sakkwato ko Maiduguri zai iya kashe shi. Dabbar da ke cikin sanyi ba za ta ci ba, idan kuma aka tilasta mata, abincin zai zauna a cikinta bai narke ba.

Dalilin da ya fi yawan jawo kasala, wanda kuma ya cancanci a tsaya a kansa, shi ne ciwon laushin ƙashi da ke tasowa daga ƙarancin kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi yake kuma sa tsoka ta motsa. Jikin hawainiya yana son kalsiyam ya ninka fosfaras kusan sau biyu a abinci, amma gyare da tsutsotsin da ake sayarwa don ciyar da ita akasin haka suke, fosfaras ne ya rinjaya a jikinsu. Ko da an samu kalsiyam ɗin, hanji ba ya tsotse shi sai da bitamin D3, wanda fatar dabbar ke haɗawa idan wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, mai suna UVB, ya sauka a kanta. Idan kalsiyam ya yi ƙasa a jini, wasu ƙananan ƙullai da ke wuya, waɗanda ake kira paratayirod, sai su saki sinadarin da ke zaƙulo shi daga ƙashi, kamar mai cire tubalin ginin ɗakinsa don ya toshe ɓarakar katanga. Da haka ƙafafu kan lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi, jiki ya riƙa karkarwa, harshe kuma, wanda kan kai ninki biyu na tsawon jiki idan an harba shi, ya kasa kai wa ga ƙwaro. A wannan hali dabbar ba ƙin abinci take yi ba, kasa kama shi take yi.

Kurakurai biyu ne ke maimaituwa a nan. Na farko, gilashin taga yana tare UVB, saboda haka kejin da aka ajiye a bayan taga yana samun haske da zafi amma ba ya samun abin da ake nema. Na biyu, ƙwan fitila na musamman da ake sayarwa don wannan aiki yana ci gaba da haskawa bayan ƙarfin UVB ɗinsa ya ragu, shi ya sa ake sauya shi bayan wata 6 zuwa 12. Mai kiwo a Kano ko Damagaram ya fi na Ingila sa'a ta wannan fuska, domin hantsin safe a kejin raga, wanda aka inuwantar da rabinsa, ya fi kowace fitila. Sharaɗin kawai shi ne kada a taɓa fitar da ita rana a cikin akwatin gilashi ko roba, inda zafi kan taru ya kashe ta cikin ɗan lokaci.

Ƙishirwa ita ce ta biyu a yawa, kuma ta fi saurin kisa. Hawainiya ba ta cika gane ruwan da ke tsaye a kwano ba, ɗigon raɓa da na ruwan sama take lasa a kan ganye, don haka sai an fesa wa ganyayen kejin ruwa safe da yamma, ko a rataya gwangwani mai ƙaramar huda yana ɗiga. Shaidar tana cikin kashinta: ɓangaren da ke matsayin fitsari fari ne idan ta sami ruwa, idan kuwa ya koma ruwan lemo to jikin ya bushe. Daɗewa a haka yana lalata ƙoda, gishirin fitsari ya taru a gaɓoɓi su kumbura, kuma da wuya a dawo da ƙodar da ta kai wannan mataki. Busasshiyar iskar hunturu tana ƙara wannan haɗari matuƙa.

Sauran dalilan sai likita ya tantance su. Mace takan yi ƙwai ko babu namiji, kuma ta nau'in Yaman kan ɗauki gommai a lokaci guda, idan kuwa ba ta sami tukunyar rairayi mai danshi, mai zurfin kimanin santimita 30, da za ta haƙa ba, sai ta riƙe su har ta galabaita, wani lokaci sai an yi mata tiyata. Wadda aka kamo daga daji kusan kullum tana ɗauke da tsutsar ciki, wadda gwajin kashi ke nunawa. Akwai kuma ruɓewar baki, da ciwon huhu mai sa ta buɗe baki tana fitar da kumfa, da ƙarancin bitamin A mai kumbura ido. Damuwa ma dalili ce, domin dabba ce mai zaman kaɗaici, kuma yawan ɗaukarta a hannu ko haɗa biyu a keji ɗaya ya isa ya hana ta ci.

Tsarin jinya yana bin wannan jeri ne na dalilai. Ana fara daidaita zafi, a sauko da rassan kejin kusa da ƙasa, a shimfiɗa tawul don kada faɗuwa ta karya ƙashin da ya riga ya yi laushi, sannan a ba da ruwa ta hanyar ɗiga shi a kan hancinta har ta fara lasa. Daga nan sai likitan dabbobi, wanda zai ɗauki hoton ƙashi don ganin kaurinsa da ko akwai ƙwai, ya gwada kashi da jini, ya yi allurar ruwa a ƙarƙashin fata, ya kuma rubuta kalsiyam na ruwa gwargwadon nauyinta. Ba a ba da bitamin D3 ko A da ka, domin jiki yana tara su kuma yawansu guba ne. Abinci yana zuwa bayan ruwa ya koma jiki, kaɗan-kaɗan, kuma idan za a ɗura da sirinji sai a kiyaye cewa ƙofar maƙogwaron numfashi tana ƙasan baki a bayan harshe, inda ɗigo ɗaya da ya kauce zai iya zama ciwon huhu. Ƙwarin da za a ba ta a fara ciyar da su ganye da karas na kwana ɗaya ko biyu, a barbaɗe su da garin kalsiyam, a kuma guji farar da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi.

Farfaɗowa daga laushin ƙashi tana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni, kuma ƙashin da ya lanƙwashe yakan yi ƙarfi ne a yadda yake, ba ya miƙewa, saboda haka dabbar da ta warke za ta ci gaba da buƙatar gajeren keji mai rassa masu kauri har ƙarshen rayuwarta, wadda a nau'in Yaman ba ta cika wuce shekara 8 ga namiji ba, ta mace kuwa ta fi haka gajarta saboda wahalar ƙwai.